Ranar da Na Hau Duron Ruwan Hoto

Ƙarar faɗuwar kwanoni na fara ji daga gidan maƙwabta, sai kuma muryar wata mata ta tsallako katanga: "Duba-gari! Ga duba-gari nan ya shigo layi!"

Duk wanda ya tashi a Unguwar Sarki a waɗancan shekaru ya san abin da ke biyo bayan wannan kira. Mata su zabura, a tuntsurar da randa, a kife tukwane, a zubar da duk ruwan da ya kwana, domin idan ma'aikacin tsafta ya zura dogon ludayinsa ya ɗebo tsutsar sauro, to sai maigida ya je ya yi bayani. Ni kuwa da safen nan ina kwance a ɗaki, ina kallon sauran ruwan sama na ɗiga daga bakin kwanon rufi, ina laluben kalmar da za ta dace da sautinsa. Sai da aka sake kiran sannan na tuna da abin da na ajiye a bayan madafa.

Hutun damina ne, ban daɗe da dawowa daga makarantar kwana ba. A lokacin Kawu, ƙanin Inna, yana da shagon hoto a jikin zaurenmu. Da can aikin ba shi da yawa: ma'aikatan gwamnati masu neman ƙaramin hoto na takardun aiki, sai samarin sojan sama daga Mando da ke zuwa ran Asabar cikin kaki, su jingina da labule mai zanen bene. Daga baya masu ɗaukar hoto na wajen Doka suka fara kawo masa fim yana wanke musu, ɗakin duhunsa ya daina hutawa. A cikin ɗakin akwai faranti uku. Na ƙarshen shi ne mai ruwan da ke zaunar da hoto don kada haske ya cinye shi, mai wari kamar jiƙon tsamiyar da ya kwana biyu. In ruwan ya gaji da aiki, Kawu ya tuttular da shi a kwata.

Kwatar ta bi gindin katangarmu ta zagaya baya, ta faɗa wani ɗan kududdufi. Ba wani abin kallo ba ne ga mai wucewa. Amma nan agwagin Kaka, mahaifiyar Baba, suke wuni, nan kuma nake zama da yamma a kan wani tsohon turmi ina sauraron kwaɗi. Tun ina ƙarama nake jin kamar darasu suke yi, babba ya ja baƙi, ƙanana su amsa. A daminar da ta gabata muryoyin suka ragu. Ƴaƴan agwagwar Kaka suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a same su a bakin ruwa wuya a lanƙwashe. Kaka ta ce baki ne. Da aka ambaci kwatar Kawu sai ta ce ai dama, ruwan da aka wanke inuwar mutane a ciki ba zai yi albarka ba.

Da wannan tunanin na koma makaranta. Wata rana malamar kimiyya, wata Ba'indiya mai magana a hankali, ta jefa ƙusa a cikin wani shuɗin ruwa, bayan ɗan lokaci ta ciro ta ta yi ja kamar sabuwar tagulla. Ta ce ƙarfe na iya ɓoyewa a cikin ruwa ido bai gani, wani ƙarfen kuma ya kore shi ya fito. Da aka tashi na bi ta har bakin ofis na tambaye ta ruwan hoto. Ta tsaya ta dube ni, wataƙila don ba ta taɓa jin muryata a aji ba. Ta ce azurfa ce a ciki, kuma azurfar da ke yi wa mace ado ita ce guba ga ƙananan halittun ruwa. Ta ce in jiƙa soson ƙarfe a ciki, marar sabulu, in bar shi kwanaki, azurfar za ta kwanta a ƙasa kamar baƙin taɓo. In ina son sanin ko da saura, in tsoma tagulla: in ta fito fara, da saura.

Da na dawo hutu na roƙi Kawu ya daina zubarwa, ya riƙa tara mini. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Azurfa? A kwatata? To ai da tuni na sayi mota, ƴar boko."

Amma Kawu mutum ne da ba ya iya hana ni abu. Ya ba ni wani duron roba da aka kawo masa magani a ciki, da bokiti guda. Soson farko na Inna na ɗauka, ta neme shi ta gaji. Tagulla kuwa, tsohon kwabo mai huji na samu a ƙasan adakar Kaka, irin wanda aka daina karɓa bayan canjin kuɗi. Na goge shi da toka, na ɗaura masa zare na rataya a wuya. Ranar da na fara tsoma shi ya fito fari fat.

Tsarin da na yi shi ne, sabon ruwa ya shiga duro inda soso ke jiƙe, in ya kwana biyu in kwashe na sama zuwa bokiti mai sabon soso. Sai kwabo ya fito da jansa sannan in kai ruwan wani rami da na haƙa nesa da rijiya, na shimfiɗa masa gawayi da toka. Baba ya gani bai hana ba. Inna kuwa duk lokacin da ta wuce sai ta toshe hanci ta ce, "Ana tura yara boko su dawo da takarda, tawa ta dawo da kwata."

To wannan ne abin da ke bayan madafa ranar da aka yi kiran duba-gari.

Na fito a guje ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Na makara. Inna ta riga ta kai bayan madafa, hannunta ya yi abin da ya saba yi tun kafin a haife ni: ta ga ruwa a bokiti, ta juye shi a kwata. Na tsaya ina kallon ruwan, mai kalar tsatsa, yana gangarawa ta ƙarƙashin katanga. Kwana ɗaya kacal ya yi a bokitin, kwabo bai wanke shi ba tukuna. Ta juya ta kama bakin duro tana ƙoƙarin karkata shi, ya fi ƙarfinta, don ya kusa cika.

"Ke wannan, kama mini!"

Ni ce ƴar fari, Inna ba ta faɗin sunana. "Ke wannan" nake tun ina goye, kuma ban taɓa jin kiran na ƙi amsawa ba. Ran nan ban amsa ba. Na ɗauki faifan katakon da nake rufe duron da shi na mayar, na taka dutsen murhu, na haye duron na zauna, na tattara zanina.

"Lafiyarki kuwa?"

"Inna, ba za a zubar ba."

Kafin ta sami abin cewa aka yi sallama daga zaure. Ta ja mayafi ta amsa. Duba-gari ya shigo, dogo, siriri, kakinsa ya sha guga, ludayi a hannun dama, tocila a aljihu. Ya leƙa randa, ya leƙa makewayi, ya taɓa tulun Kaka, sannan ya zagayo ya same ni a sama kamar kaza a kan ƙwai.

"Ƴammata, mene ne a ciki?"

"Ruwan hoto ne, Malam."

"Na yaushe?"

"Ya kwana biyu."

"To sauko. Ruwan da ya kwana ba ya zama a gida."

"In na sauko ina za a kai shi?"

Ya nuna kwata da ludayi, kamar mai nuna wa baƙo hanyar kasuwa.

Na ce masa kwatar kududdufi take zuwa, na ce akwai azurfa, na ambaci soso da malamarmu da kwaɗi. Maganar ta fito a hargitse. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi ba a aiko shi wajen kwaɗi ba, wajen sauro aka aiko shi.

"Ki sauko da girmanki."

"Ba zan sauko ba."

Ni kaina sai da na ji maganar baƙuwa a bakina. Inna ta ce, "Innalillahi," ta aika a kira Kawu. Ya shigo yana goge hannu da tsumma, yana murmushin nan nasa na lallashin masu hoto.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, karatu ne ya yi mata yawa. Ke, sauko a zubar, gobe in tara miki wani. Ai ruwana ne."

"Naka ne lokacin da yake shagonka, Kawu. Ranar da ka fara sakinsa a kwata ya tashi daga naka, ya zama na agwagin Kaka."

Murmushin ya ɗauke. Ban taɓa mayar masa da magana ba, kuma a gaban baƙo. Ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa.

Duba-gari ya matso taku ɗaya ya tsaya. Na gane abin da ya tsayar da shi, shi ma ya gane na gane. Budurwa ce ni, a cikin gidan ubana. Ba shi da hannun da zai ɗora a kaina, Kawu kuma ba zai ja ni a ƙasa a gaban baƙo ba. Muddin ina zaune, duron ya fi ƙarfin kowa.

Sai ga Kaka ta fito tana jan kujerarta ƴar tsugunno. Ta dasa ta a gindin duron, ta zauna, ta kwance bakin zani ta ciro goro.

"A'a, angona ne yau a gidan? Ka zo ba ko tsaraba, sai ludayi? Miya ka zo ɗiba?"

"Iya, aiki nake yi."

"Yi abinka. Ni ma aikin nake, gadin wannan mai taurin kan. Uban nata ma haka ya yi mini a kan bishiyar mangwaro."

Ya ce zai je ya gama layin, in ya dawo ya tarar da ruwan nan to maganar ta wuce ta cikin gida. Ya fita. Inna ta ce yanzu sai in sauko tunda ya tafi. Na dubi hannunta, na dubi na Kawu, na gyara zama.

Ban san zama aiki ba ne sai ran nan. Gefen katakon ya shiga cinyata. Rana ta fito bayan ruwa, irin mai zafin nan da ke tayar da tururi daga ƙasa, warin duron ya riƙa hawowa ta gefen murfi har idona na ruwa. Ƙafafuna suka mutu, suka farfaɗo da allurai, suka sake mutuwa. Kaka ta tashi ta kora agwaginta cikin akurki saboda bokitin da ya riga ya tafi, ta dawo ta miƙo mini kunu a kofi.

"Sha, ƙawata. Mai faɗa da hukuma ba ya yi da yunwa."

"Kaka, kin yarda ke nan ba baki ba ne?"

"Ban yarda ba. Baki ne. Amma bakin kwata ma baki ne."

Aka kira azahar ina sama. Wannan ne ya fi damuna, na riƙa duban inuwar katanga ina lissafin sauran lokaci. Inna ta daina yi mini magana, tana ta daka da ƙarfin da ya wuce na dakan. Daga inda nake ina hango saman ciyayin kududdufin ta kan katanga, da wani farin balbela da ya sauka ya tashi. Na yi ta roƙon Allah a zuci kada ya sha.

Ƙarar babur ɗin Baba da sallamar duba-gari kusan tare suka iso. Ashe a ƙofar gida suka haɗu, kuma an riga an ba Baba labari. Baba ma'aikacin ofis ne, mai son komai a kan layinsa, wanda ko takardar gwamnati ba ya naɗewa biyu. A ce yau ƴarsa ce ta tsare ma'aikaci. Ya tsaya da hularsa a kai, jakarsa a hammata, ya dube ni tsawon lokaci.

"Kin yi salla?"

"A'a, Baba."

"Sauko."

Nan ne kaɗai na ji hawaye. Na ce, "Baba, in na sauko za su zubar."

"Na ce za a zubar? Sauko ki nuna mini abin da ya hana ki salla."

Na sauko, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, sai da na dafa kafaɗar Kaka. Amma hannu ɗaya na bari a kan murfin. Na ciro kwabon daga wuyana, na goge shi da toka ya yi ja, na ɗaga katakon na zura shi a ruwan sama-sama. Da na jawo zaren, kwabon ya fito fari, yana ɗiga.

Baba ya karɓa ya juya shi. Bai ce ya gamsu ba. Ya miƙa wa duba-gari ya ce, "Malam, kai ne mai aiki. Duba ruwan da kanka, abin da ka gani shi za a bi."

Mutumin ya zura ludayinsa ya ɗebo, ya kai wajen haske, ya haska tocila duk da rana. Ya mayar, ya sake ɗebowa daga wani gefen. Ya yamutsa fuska saboda wari.

"Babu tsutsa," in ji shi. "Wannan ai ba abin da zai rayu a cikinsa."

Kaka ta tofar da goro.

"To, angona, shi za ka ba agwagina su sha?"

Ba wanda ya yi dariya, sai Kawu da ya juya baya kafaɗarsa na motsi. Duba-gari ya riƙe ludayin cike, ya dubi kwata, ya dubi duro. Na ga hannunsa ya ɗan yi jinkiri. Sannan ya juye ruwan a cikin duron, a hankali, don kada ya fantsama.

Bai tafi haka nan ba. Ya ce faifan katako ba murfi ba ne, a samo mai kamawa gam. A yi wa duron rumfa don kada ruwan sama ya cika shi ya malala. Ya ce duk zagayowarsa nan zai fara dubawa, ranar da ya ga tsutsa ɗaya kuwa, ko a kan duron nake kwana sai an kife shi. Na ce na yarda. Ya nemi ruwa da sabulu ya wanke ludayinsa, ya tambaye ni inda zai zubar da ruwan wankin. Na nuna masa ramina.

Bayan na yi salla Baba ya kira ni zaure, Kawu na zaune. Ya ce in durƙusa in ba Kawuna haƙuri. Na durƙusa.

"Kawu, ka yafe mini yadda na yi maka magana a gaban baƙo."

Baba ya jira. "Sai me?"

"Shi ke nan, Baba."

"Zaman fa?"

Na sunkuyar da kai na yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji agwagi na kuka a akurki. Kawu ne ya katse shi, ya ce a bar ta, Yaya, wannan ko an daka ta ba za ta ce ba. Baba ya ce in tashi in ba shi wuri. Inna ta kwana biyu ba ta sake mini fuska ba. A rana ta uku na tarar da sabon soso a kan murfin duron.

Washegarin zaman na je kududdufi na ga talibambam, ƴaƴan kwaɗi, sun taso a gefen da kwata ke shiga, cikinsu sama. Bokitin ne ko ba shi ba, ban sani ba. Na dai san da duron ne ya bi bayansa, da abin ya fi haka. Kaka ta riƙe agwaginta a akurki har aka yi ruwa mai ƙarfi sau biyu. Da zan koma makaranta na koya wa Kawu gwajin kwabo. Ya yi ta mita, amma ya riƙe, wataƙila don Kaka na zaune a tsakar gida tana ganin duk mai fitowa da faranti. Damina ta gaba ƴaƴan agwagwa suka yi gashi suka girma. Kwaɗin ma suka dawo, ko da yake ba kamar da ba, ko kuma kunnena ne ya girma.

Baƙin taɓon kuwa na shanya shi na tara a gwangwanin madara. Da ya taru Kaka ta kai wa wani maƙerin farin ƙarfe, ya narka, ya fitar da ɗan zobe siriri, bai kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba. Na ce nata ne. Ta ƙi ko taɓa shi, ta ce ita ba za ta yi alwala da inuwar mutanen da ba ta sani ba a yatsa. Ni na sa shi. Na daɗe ina ɗauka gaskiyarta ne, ina juya shi a aji ina tunanin duhun fuskokin sojojin Mando da na masu neman aiki ne nake ɗauke da shi.

Sai bayan shekaru, Kaka ta riga ta rasu, na fara koyarwa, na ci karo da bayanin a wani littafin kimiyya na ɗakin karatun makaranta. A takardar hoto, azurfar da haske ya taɓa ita ce ke yin baƙi ta zauna a kan takardar, mai hoto ya tafi da ita gida. Wadda ke narkewa ta bi ruwa ita ce ta wuraren da suka fito fari: farar riga, rawani, farin ido, da haƙoran wanda Kawu ya samu ya sa shi dariya.